Za mu je tafkin Bohinj kwana biyar, ko za mu iya hawan Triglav?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Budapest, ƙasar Hangari. Ni da abokaina biyu muna shirin zuwa tafkin Bohinj a Sloveniya cikin watan Agusta, mu yi kwana biyar. Mun ga hotunan wurin, kuma an ce daga nan ake hawa dutsen Triglav. A cikinmu babu wanda ya taɓa hawan abin da ya wuce Dala da Goron Dutse. A wane ƙauye ya kamata mu sauka, kuma za mu iya kaiwa ƙololuwar? Yaya batun abinci da salla?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku je, kwana biyar ɗin ma sun ishe ku. Amma shawarata ku jingine zancen ƙololuwar Triglav a wannan karon, ku nufi kwarin tafkuna bakwai da rugagen da ke kan hanyarsa. Ba raina ku na yi ba, lissafi ne kawai. Tafkin Bohinj yana kan tudun mita 526 daga matakin teku, ƙololuwar Triglav kuwa mita 2,864. Tsakaninsu hawa ne na sama da mita 2,300, kuma duk abin da ka hau sai ka sauko shi da gwiwarka, saukowar ma ta fi cin jiki. Wanda ya saba yana hawan mita 300 zuwa 400 a awa ɗaya da jaka a bayansa. Daga ɓangaren Bohinj tafiyar kwana biyu ce ga gwani, uku ga mai bi a hankali. Masaukin Kredarica, inda mutane da yawa ke kwana kafin su ƙarasa, yana kan mita 2,515, wato ya ɗara Chappal Waddi na jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, mai mita 2,419. Daga nan sama doron dutse ne siriri, rami dama rami hagu, an kakkafa turakun ƙarfe da igiyar waya ana riƙewa. Sai da hular kwano da ɗamarar da ake maƙalawa a jikin wayar. A watan Agusta har layi ake yi a wuraren da suka matse, masu hawa na jiran masu sauka, kuma wanda kansa ke juyawa idan ya leƙa ƙasa a nan yake ganewa, a daidai inda komawa baya ke da wuya.

Abin da ke yaudarar baƙo shi ne ganin tsofaffi da yara 'yan makaranta suna hawa. Mutanen Sloveniya sun ɗauki dutsen nan da muhimmanci ƙwarai: yana jikin tutarsu, yana jikin kwabonsu na santi 50, kuma sukan ce kowane ɗan ƙasa ya kamata ya hau shi ko sau ɗaya a rayuwarsa. Amma tsohuwar da za ka ga ta wuce ka tun tana ƙarama take yawo a duwatsu duk ƙarshen mako. A Ribčev Laz, kusa da bakin tafki, akwai mutum-mutumin mazaje huɗu 'yan Bohinj da suka fara kaiwa ƙololuwar ranar 26 ga Agusta 1778, da ƙarfafawar attajiri kuma masani Žiga Zois. Ranar da gari ya washe, daga wajen za ka hango kan Triglav can fari fat, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Batun masauki. Bohinj sunan kwari ne gaba ɗaya, ba ƙauye ɗaya ba, kuma na bar sunayen yadda za ka gan su a allunan hanya. Bohinjska Bistrica shi ne babban garin, nan tashar jirgin ƙasa take da manyan kantuna, amma yana da nisan wajen kilomita 6 daga ruwan. Ribčev Laz yana bakin tafkin ta gabas, inda gadar dutse da tsohuwar cocin nan da kuke gani a hotuna suke, kuma nan motocin masu yawon buɗe ido ke juye mutane. Ukanc yana can ƙarshen yamma, shiru, cikin itatuwa, sai dai sayayya na da wuya. Ni Stara Fužina nake zaɓa wa mutane irinku. Tafiyar mintuna kaɗan ce a ƙafa daga bakin ruwa, akwai kanti, akwai ɗakunan haya a gidajen manoma masu ɗan kicin, kuma hanyoyin da za ku bi daga bayan ƙauyen suke tashi. Ku nemi ɗaki mai wurin girki, za ku ga amfaninsa in mun zo zancen abinci.

Daga Budapest za ku shiga bas ko jirgin ƙasa zuwa Ljubljana, babban birnin Sloveniya, daga nan bas wajen awa biyu, ta biyo ta Bled. Takardar zamanku ta Hangari ta isa, tunda ƙasashen biyu duk suna cikin Schengen, yankin Turai da ake zirga-zirga a cikinsa ba sai da sabuwar biza ba, amma ku riƙe fasfo a jiki, kuɗinsu kuma yuro ne. Rabin motar a Bled za su sauka. Bled na da kyau, ban musa ba, amma gari ne na ɗaukar hoto da cin kek. Ku zauna a kujerunku.

Tafkin kansa ƙanƙara ce ta haƙa shi tun zamanin da ta rufe tsaunukan Alps. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 4, faɗinsa wajen kilomita 1, zurfinsa mita 45, shi ne tafki mafi girma a ƙasar cikin waɗanda ba sa ƙafewa. Yana cikin gandun Triglav, gandun ƙasa ɗaya tilo da Sloveniya ke da shi, wanda aka fara karewa a 1924 aka faɗaɗa a 1981. Wannan na da dokokinsa: ba a kafa tanti inda aka ga dama, ba a hura wuta, ba a tsinkar furanni, kuma masu gadin gandun suna cin tara. A tafkin Bohinj ana iyo. A ƙananan tafkunan sama haramun ne a doka.

Ranar farko ku zagaya tafkin a ƙafa, wajen kilomita 12, awa uku zuwa huɗu, babu hawa na a zo a gani. Gefen arewa ya fi daɗi don babu titin mota. Amfanin ranar shi ne takalmi ya nuna halinsa tun kuna kusa da kanti. Rana ta biyu ita ce jarrabawa: daga Stara Fužina ku hau Vogar, mita 1,054, hawan wajen mita 500 a awa ɗaya da rabi kan hanya mai duwatsu cikin kurmi. A sama akwai masauki da wurin da ake hango tafkin gaba ɗaya a ƙasa. Ku duba agogo lokacin tashi da lokacin isa, ku gwada da abin da allon hanya ya rubuta. Allunansu jajaye ne kuma awoyi suke rubutawa, ba kilomita ba. Idan allo ya ce awa ɗaya da rabi kuka yi biyu, to duk lissafin kwanakin da ke gaba ku ƙara kashi ɗaya bisa uku a kai. Wanda gwiwarsa ta yi ƙara a saukowa daga Vogar ya faɗi gaskiya a daren nan, kada kunya ta kai shi sama. In da sauran ƙarfi da yamma, kwazazzabon Mostnica na nan bayan ƙauye, ruwa kore shar ya yanka dutse ya yi zurfi, da gadar dutse ta 1777 a bakinsa.

Alamar hanya a duk duwatsun ƙasar ɗaya ce: jan da'ira da farin ɗigo a tsakiya, an shafa a jikin dutse ko itace. In kun yi minti goma ba ku ga ko ɗaya ba, ku koma inda kuka ga ta ƙarshe, kada ku ce za ku yanke. A kan allo kuma, alwatika kusa da sunan wuri na nufin hanya mai wuya, alwatika mai alamar motsin rai a ciki na nufin mai wuya ƙwarai, wadda ke buƙatar kayan hawa. Wannan ta biyun ba taku ba ce bana.

Kwana na uku da na huɗu su ne zuciyar tafiyar. Daga Stara Fužina akwai titi mai hawa zuwa Planina Blato, mita 1,147, ana biyan kuɗin shiga da mota, kuma a lokacin zafi akan sa ƙananan bas-bas masu kai mutane. Ku tambayi ofishin baƙi lokutansu tun ranar da kuka iso. Wannan ya rage muku hawan mita 600. Daga Blato awa ɗaya zuwa Planina pri Jezeru, mita 1,453, sai Dedno polje, sai Ovčarija, sannan a gangara zuwa masaukin Koča pri Triglavskih jezerih a kan mita 1,685. Gwani na yin ta a awa uku da rabi, ku ba kanku biyar. Bayan Ovčarija hanya ta rabu biyu, ta Štapce da ta Prodi. Ta Štapce ta fi kyan kallo amma tana da gangara mai tsauri da waya. Ku bi ta Prodi.

Duk inda ka ga an rubuta planina, ruga ce ta kan dutse. Wannan shi ne abin da masu gaggawar ƙololuwa ke wucewa ba su kalla ba, alhali shi ne ya yi hanyoyin da suke takawa. Ƙarnuka da dama arzikin Bohinj ƙarfe ne, ana haƙa ana narkawa, har masana'antar ta mutu a ƙarshen ƙarni na 19 aikin ya koma garin Jesenice. Abin da ya riƙe mutane bayan nan shanu ne. Ƙasan kwarin ba ta da faɗi, ciyawar da ke wurin yanka ta ake yi a shanya a ajiye wa hunturu, don haka da zafi ya shigo sai a kora shanu sama, mataki-mataki, daga rugar ƙasa zuwa ta tsakiya zuwa ta can sama, a bi ciyawa yadda dusar ƙanƙara ke janyewa. A shekarun 1870 wani limamin coci, Janez Mesar, ya haɗa kan makiyaya suka kafa ƙungiyoyin yin cuku irin na Suwizalan. A Stara Fužina akwai ɗan gidan tarihi a tsohon ɗakin cukun ƙauyen, da katuwar tukunyar tagulla da kayan tatsa. Minti talatin ya isa, kuma in kun shiga kafin ku hau za ku fahimci abin da kuke gani a sama. A watan Satumba, in shanu sun sauko, ana yin bikinsu a Ukanc, a yi musu ado da furanni.

Yau rugagen da ake kiwo a cikinsu sun ragu, bukkoki da yawa sun zama gidajen hutu, amma akwai waɗanda ke aiki. Tun kafin ka fito daga cikin itatuwa za ka ji ƙararrawar wuyan shanu. Sai fili ya buɗe, ga bukkokin katako da suka yi baƙi don tsufa, rufinsu na faifan itace, wasu an ɗora su kan ginin dutse dabbobi na ƙasa mutum na sama. A bakin ƙofa benci da tebur. In ka zauna za a kawo maka kindirmo a kwano, mai sanyi, da maiƙo rawaya kwance a samansa, su suna kiransa kislo mleko. Akan haɗa shi da žganci, wani abinci na garin masara ko na wani baƙin hatsi da ake tuƙawa a farfasa, kusan dambu. A nan ne za ka buɗe baki da wuri, domin bisa al'ada kitsen alade soyayye ake barbaɗawa a kan žganci. Ka ce a ba ka ba tare da ocvirki ba, sunan abin ke nan. Akwai kuma cukunsu mai suna mohant, mai laushi da wari mai ƙarfi. Ka ɗanɗana kaɗan kafin ka saya da yawa.

Tunda mun shigo abinci: a masaukan dutse manyan girke-girke biyu ne, ričet, faten sha'ir da wake, da jota, miyar kabeji mai tsami da wake da dankali. Dukansu da naman alade ko romonsa aka saba dafa su, ko da ba ka ga nama a kwano ba. Masaukai da yawa suna da na marasa cin nama, amma tambayar da za ka yi ita ce ko an dafa da alade, ba ko akwai nama a ciki ba. Alade a harshensu svinjina, yawancin ma'aikatan kuma suna jin Turanci. Abin da babu shakka a kansa: ƙwai, burodi, cuku, taliya da tumatir, da štruklji, wato naɗaɗɗen kwaɓin fulawa, mai cuku a ciki. A ƙasa akwai kifin tafki da na kogi. Naman halal kuwa a Ljubljana za ku saya kafin ku shigo, a can ne ma babban masallacin ƙasar yake, wanda aka buɗe a 2020. A kwarin babu masallaci. Ku ɗauko dabino da gyaɗa, in akwai kilishi ya fi komai.

Salla ba ta da wahala in an shirya. Matafiya ne ku, kuna da sauƙin ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar. Alƙibla kudu maso gabas take. Ku saukar da manhajar da ke aiki ba intanet, domin sabis na ɗaukewa a cikin kwaruruka. A masauki ɗakin kwana na mutum da yawa ne, gadaje a jere, ana kashe fitila da ƙarfe goma. Ka gaya wa mai kula da wurin tun da yamma cewa za ka tashi da asuba, zai nuna maka kusurwa a ɗakin cin abinci ko a baranda, ka kuma ajiye tocila da abin salla a inda hannunka zai kai ba sai ka yi ta kwaramniya da leda mutane na barci ba. Takalmin hawa a ƙofa ake cire shi, akwai silifas na masauki. Ka zo da zanen shimfiɗa naka mara nauyi da tsabar kuɗi, don na'urar kati ba kullum take aiki ba.

Ruwa shi ne abin da baƙi ba sa zato. Yankin na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Turai, wasu duwatsun da ke kewaye da Bohinj suna samun sama da milimita 3,000 a shekara, amma a sama za ka yi awoyi ba ka ga rafi ba. Dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi, duk ya tsattsage, ruwa na sauka yake shigewa ƙasa. Tafkunan nan bakwai sun tsaya ne kawai don a ƙarƙashinsu akwai shimfiɗar dutsen da ba ya shan ruwa. Ruwan nasu ma ta ƙarƙashin ƙasa yake bi, ya ɓullo daga cikin bangon dutse a Savica ya zubo mita 78, ya shiga tafkin Bohinj, ya fita ya zama kogin Sava da ke haɗuwa da Danube a Belgrade. Saboda haka kowa ya ɗauki lita biyu aƙalla, a cika a duk inda aka samu, alwala kuma da ɗan kaɗan, nesa da bakin tafki, ba sabulu. Ƙananan tafkunan ba sa jure komai. A 1991 an zuba kifi a tafkin da ke gaban masaukin, kifin ya cinye ƙananan halittun da ke tsaftace ruwan, gansakuka ta yi yawa, har yau ana fama da kwashe shi.

In kun isa masauki da wuri kun huta, ku ajiye jaka ku ƙara awa ɗaya sama zuwa Ledvička, mafi girman tafkunan, a kan mita 1,830. Daga nan itatuwa sun ƙare, sai farin dutse da tarin tsakuwa da ya zubo daga bangon gabas. Wannan ne dajin da kuka zo nema. Da sassafe ko da yamma akan ga awakin dutse, kuma za ku ji fito mai kaifi daga cikin duwatsu, wata dabba ce mai kama da gafiya ke gargaɗin 'yan'uwanta.

Washegari kada ku sauko ta Komarča, ko da taswirar waya ta nuna muku ita ce mafi kusa. Bango ne na wajen mita 600, hanya siririya, in an yi ruwa santsi, kuma an sha yin haɗari a wurin, galibi masu saukowa a gajiye. Ku bi ta Komna: wajen awa biyu da rabi zuwa masaukin Dom na Komni a kan mita 1,520, daga nan ku gangara Savica ta hanya mai faɗi mai kwana-kwana. Sojojin daular Ostiriya da Hangari ne suka gyara ta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, suna kai kaya da alfadarai zuwa fagen dagar kogin Soča tsakanin 1915 da 1917, shi ya sa gangarar ba ta da tsauri. Maƙabartar sojojin tana nan a Ukanc. Daga Savica akwai bas a lokacin zafi.

Yanayi: a watan Agusta hadari da rana tsaka yake haɗuwa, gari garau da safe, ƙarfe biyu ko uku sai tsawa. Dokar ita ce a tashi da ƙarfe shida ko bakwai, a isa kafin Azahar ta yi nisa. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da digiri 6 ko 7, in iska ta haɗu da jiƙaƙƙiyar riga kuwa sanyi na iya kayar da mutum ko a tsakiyar Agusta. Rigar ruwa ta gaske, rigar sanyi, hula, da rigar canji a cikin leda, ko da kun bar ƙauye ana gumi. Wandon jins da rigar auduga ba sa bushewa. Takalmi mai tauri da ƙasa mai riƙe dutse, wanda aka riga aka taka shi makonni, ba kambas ba. Ku duba hasashen hukumar yanayi ta ƙasar, ARSO, na duwatsu, ba na gari ba. Kwana na biyar ku bar shi a sake don wannan: in hasashe ya ɓaci ku matsar da hawan, in bai ɓaci ba ku hau motar igiya ta Vogel zuwa mita 1,535 ku kalli inda kuka taka daga ɗaya gefen.

Kaska ta fi maciji da beyar zama abin damuwa. Yankin na da cutar kumburin ƙwaƙwalwa da kaska ke yaɗawa da kuma cutar Lyme. Dogon wando a cikin ciyawa, a duba jiki kowane dare, in da lokaci a yi allurar rigakafin cutar kumburin ƙwaƙwalwar tun a Budapest. Lambar gaggawa 112 ce, masu ceto a duwatsu kuma 'yan sa kai ne da ke barin aikinsu su fito. Ku duba ko inshorarku ta ɗauki hawan dutse, ku kuma gaya wa mai gidan da kuka sauka hanyar da za ku bi da ranar dawowa.

In bayan duk wannan zuciya ta ƙi haƙura da Triglav, to ku ɗauki jagora mai lasisi, shi zai kawo hular kwano da ɗamara, kuma zai fi yiwuwa ya bi da ku ta Pokljuka ko kwarin Krma, inda hawan ya fi gajarta. Yana da tsada, kuma in ya ce a juya, juyawa za a yi. Ko ma wanne kuka zaɓa, gadon masaukin tafkuna bakwai shi za ku fara kamawa, kafin tikitin bas, kafin ɗakin ƙauye. A watan Agusta yana cika makonni kafin lokaci, musamman daren Juma'a da Asabar, don haka ku nemi daren Talata ko Laraba ku gina sauran kwanakin a kansa. Ana kama wuri ta shafin ƙungiyar masu hawan dutse ta ƙasar, Planinska zveza Slovenije, ko a buga wa masaukin waya kai tsaye. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.